Fuskar Malam Jiya

Gidan Gawo, ta Tsanyawa
12 ga Yuni

Ƙanina Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sakina da yara. Yaya aiki, yaya zafin Bacirawa? Mu nan sai godiya. An yi ruwan shuka ran Talata, gari ya watse gona, ko akuya ba ka gani a kan hanya, duk an ɗaure su. Baban Fauziyya yana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Gajiya na yi. In na kira ka, kana kan aiki. In na yi maka saƙon murya, Sakina ta tona maka asiri cewa da gudu biyu kake saurare na, wai ina da dogon bayani. To tunda na lura babu abin da kake girmamawa a duniyar nan kamar takarda, ga takarda. Na sa ta leda ɗaya da abin da kake nema na ba Basiru direba, don na san wannan kam sai ka buɗe.

Ga fitowa ta biyu ta labarin Malam Gobe da Malam Jiya. Ka ce mini guda takwas ne, labaran zane da gwanin naka marigayi Muntaka Ɗan Iya ya yi wa ofishin malaman gona tun yana saurayi, tun jaridu ba su san da shi ba, aka riƙa raba wa manoma kyauta a kasuwannin ƙauye. Ka ce biyar suna hannunka, saura ta biyu da ta biyar da ta bakwai, kuma tunda a yankinmu aka raba su, ni ce zan nemo. Ni, mai aji ɗaya da yara sittin da uku, da gona, da gida, da Inna. Ban san ranar da na nemi wannan aikin ba.

A cikin murfin akwatin ƙarfe na wata tsohuwa a unguwar maƙera na same ta, an liƙe ta da ƙaro tun zamanin aurenta don ado. Kafin ta yarda in taɓa, sai da na zauna awa biyu ina jin tarihin kowane zani da ke cikin akwatin, da wanda ya saya, da wadda ta yi baƙin ciki. Daga nan na ɗora ruwa na kara murfin a kan tururi har takardar ta saki. Kusurwa ɗaya ta yage. Kada ka soma yi mini maganarta. Ka ce in sa safar hannu. Safar hannu, Kamaru! In shiga ɗakin tsohuwa da safar hannu kamar na zo karɓar haihuwa?

Na karanta, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin ya iya zane, musamman jaki. Amma labarin kullum ɗaya ne: Malam Gobe da farar rigarsa da buhun takin zamani, Malam Jiya da taurin kansa da jakinsa, a ƙarshe a yi masa dariya. Ban ga abin da zai hana babban mutum mai iyali barci a nan ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Idon Inna yana ƙara tafiya. Likitan ido ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, sai dai maganin ɗigawa ya rage masa gudu. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama da safe kawai yake ɗan gani, shi ma sai abu ya matso kusa. Na nuna mata hotonka a waya, na ce ga autanta ya tara gemu, ta juya wayar ta sake juyawa, ta ce haske kawai take gani. Rabonka da gidan nan Sallah uku ke nan, kuma motar Basiru awa ɗaya da rabi take yi. Ba ta ce in kira ka ba, ka san halinta. Amma duk ranar kasuwa sai ta sa na share ɗakin waje.

Ka gaida Sakina, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Aina'u


Gidan Gawo
3 ga Yuli

Ƙanina Kamaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin da Sakina ta ce ya kama ƙaramin naku ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Mu muna tsakiyar noman firi, gero ya yi kore, hannuna duk kanta.

Na ga amsarka a waya. Layi bakwai a kan kusurwar da ta yage, layi ɗaya a kan Inna, shi ma wai in gaishe ta, za ka shigo in aiki ya lafa. Na gode. Na isar da gaisuwar, ta ce tana amsawa, ta ci gaba da tsince wakenta da lalube.

Ga fitowa ta bakwai. Wani tsohon tela a kasuwar Tsanyawa ne ya zaro ta daga ƙarƙashin keken ɗinkinsa, shekara da shekaru ita ce mashimfiɗin allurai. Hudojin da za ka gani ba ni na yi su ba. Na duba abin da ka yi mini dogon karatu a kai, cewa daga fitowa ta shida Malam Jiya ya daina nuna fuska, kullum ya ba da baya ko malafa ta rufe shi. Gaskiya ne, a nan ma ƙeyarsa kawai na gani. Kun ce wai sabon salo ne gwanin ya ƙirƙiro, har kuna gardama a kai a zaurenku na waya. Allah ya ba ku abin yi. Kai da ko fuskar Baba ba ka sani ba, ka san yawan gashin gemun Malam Jiya.

Saura ta biyar, kuma ita ce ta fara ba ni tsoro. Telan nan ya ba ni ta bakwai yana dariya, amma da na ambaci ta biyar sai ya cire tabarau ya tambaye ni 'yar wane gida ce. Da na faɗa, sai ya ce bai taɓa ganinta ba, ya taka kekensa da ƙarfi har ba ma jin juna. Na je wajen tsohon mai unguwa, ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu jiya. Gidansa da namu katanga ɗaya ce.

Sai kuma ka tura ni Minjibir wajen Malam Jamilu, tsohon malamin gonar da ka ce shi ya raba takardun. Ka duba taswira kuwa kafin ka aike ni? Mota uku na hau, na wuce ta bakin unguwarku ma, alhali daga Bacirawa kai da ka fita bayan azahar da ka dawo kafin magariba. Na kashe Asabar ɗina guda, na bar wa Baban Fauziyya girki, har yau yana yi mini gorin tuwon da ya ƙona.

Dattijon ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka dama mini fura. Ya ce ta biyar ba ta kai ɗari da hamsin ba, kuma a kasuwar Tsanyawa kaɗai aka raba ta, rana ɗaya. Ya ce dalilin da ya sa ba a samunta shi ne wani mutum ya bi gari gari ya tattare ta. Na ce wane ne? Ya kalle ni ya daɗe, ya ce, 'Yata, kin yi doguwar tafiya a kan abin da ke bayan ɗakinku. Sai ya yi mini addu'ar Allah ya kai ni gida lafiya.

Da na dawo na ba Inna labari ina dariya, don ta ɗan sake. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in daina yawon kwasar tarkace ina matar aure, ta miƙe ta shige ɗaki tana dafa bango, ko maganin idon ba ta bari na ɗiga mata ba ran nan.

Na san ka riga ka cika baki a gaban abokanka cewa kai za ka kawo ta biyar wajen baje kolin tunawa da Muntaka da za ku yi a Oktoba. Wannan kai ta shafa. Ni zan tambayi Gwaggo Barira, daga ita na rufe wannan shafi. In kana son ƙarin bayani, ka san hanyar tasha.

Yayarka da ta gaji,
Aina'u


Gidan Gawo
6 ga Agusta

Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiya, ruwa yana ta sauka, gero ya fara fitar da kai. Yau babu komai a cikin ledar sai wasiƙa, kada ka wahalar da kanka da zazzagewa. Ka samu wuri ka zauna ka karanta a hankali, wannan ba ta da gudu biyu.

Na je wajen Gwaggo Barira. Ka san ita ba ta iya ɓoye magana ba, sai dai ba a tambaye ta ba. Ta ce shekara talatin da shida tana jiran ɗayanmu ya tambaya.

A daminar da aka haife ka, ofishin ya turo Muntaka ƙauyen nan ya ga noma da idonsa, mai unguwa ya sauke shi a zauren Baba. Wata biyu yana cin tuwon Inna. Kullum yana bin Baba gona da ɗan littafinsa, Baba yana ta nuna masa yadda yake sa wake a tsakanin gero, da gyaɗa a gefe, da dalilin da ya sa ba ya sare gawo, da yadda yake jidar takin turke a mangala tun da rani. Gwaggo ta ce Baba har washe baki yake yi, yana gaya wa mutane wai ga ɗan boko mai hankali ya zo koyon noma. Ni ina 'yar shekara biyar a lokacin. Sai da ta faɗa na tuna wani baƙo da ya zana mini kyanwa da gawayi a bangon zaure, na hana a goge.

Da kaka takarda ta fito, aka raba a kasuwa. Malam Jiya, wanda a da fuskarsa ba ta kowa ba ce, ya fito da fuskar Baba sak. Wushiryarsa, da tabon da ke kan girarsa, har jakinmu mai yagaggen kunne. Aka rubuta cewa ga manomin da ke cakuɗa shuka kamar fate, mai bautar kashin jaki, wanda rumbunsa zai wayi gari wayam. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane fuskar, wanda ya iya kuma ya karanta masa.

Kamaru, mahaifinmu mutum ne da ko muryarsa ba a ji a waje. Aka mayar da shi abin nuni. In ya shiga kasuwa sai a ce Malam Jiya ina jakin, in ya yi gyaran murya a taron suna sai wani ya ce a bari Malam Jiya ya kawo ta jiya. Wasa suke yi, in ji Gwaggo, amma shi ba wasa ya ji ba. Da rani ya ɗauki buhu ya bi ƙauyukan da ke cin kasuwar nan ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa, yana sallama gida gida yana roƙon a ba shi takardar. Wanda ya ji kunya ya miƙa. Wanda ya ƙi, Baba ya auna masa tiyar wake ya karɓa. Waken nan dai da aka ce haukarsa ce ta sa ya shuka. Ya kawo buhun ya ba Inna ya ce ta ƙone.

Da damina ta zagayo ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa, kai ko tafiya ba ka fara ba. Ba na cewa takarda ce ta kashe shi, kwana ne ya ƙare. Amma Gwaggo ta ce a wajen jana'iza ta ji wani baƙo yana tambaya wa ya rasu, aka ce masa Malam Jiya. Daga ranar ne dattawan garin nan suka ji nauyin abin, suka yi shiru da sunan, shi ya sa ni da kai ba mu taɓa jin sa ba.

Wata biyu ke nan ina yawo gida gida ina sallama ina tambayar takardar da ubana ya bi gidajen nan yana roƙo a ba shi ya ɓoye. Da na tuna yadda telan nan ya kalle ni sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai ka sa ni, kana zaune a ƙarƙashin fanka.

Ga abin da ya ƙarasa ƙona mini rai. Makon jiya wani sabon malamin gona ya tara su Baban Fauziyya a gindin tsamiya, da alluna da hotuna, yana koya musu sabuwar dabara: a sa wake a tsakanin gero, a koma takin gida, a daina sare gawo. Har tafi aka yi masa.

Saboda haka ka gaya wa abokanka ta biyar ta zama toka, kuma ka gaya musu dalili in kana da ƙarfin hali. Inna ba ta san na ji ba. Jiya da safe ta ɗauki Fauziyya a matsayin ni, sai da yarinyar ta yi magana.

Yayarka,
Aina'u


Gidan Gawo
14 ga Agusta

Kamaru,

Salamu alaikum. Lafiya muke, ina fata ku ma haka.

Na kashe maka waya jiya, kuma ban yi nadama ba. Wata uku ba ka kira ni da kanka ba sai jiya. Na ga sunanka na ce alhamdu lillahi, jini ya motsa. Ka ce Allah ya jiƙan Baba, na ce amin. Sai ka ce Muntaka yaro ne a lokacin, ƙila ba shi ya rubuta kalaman ba. Na haɗiye. Sai kuma ka ce, Yaya, anya duka Inna ta ƙone, ko ɗaya ba ta tsira ba?

Ban san da wane irin ƙarfi na yi maka ihu ba, amma kajin gidan Inna sai da suka watse, don a tsakar gidanta nake, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa. Ta ji komai. Yanzu ta san na sani, kuma ta san abin da autanta ya fara tambaya. 

Sakina ta kira ni daga baya, ta ce bayan na kashe ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ko abinci ba ka ci ba. Ta ce wai ba don baje koli ka tambaya ba, fuskar kake son gani. In haka ne me ya hana ka faɗa? Bakinka ciwo yake yi? Shekara talatin da shida ina fassara ka, na gaji.

Ka gaida ta, ita kam tana da hankali.

Aina'u


Gidan Gawo
2 ga Satumba

Ƙanina, autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Sakina da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. An fara girbin gero a wajenmu, bana Allah ya yi albarka.

Shekaranjiya da safe na je ɗiga wa Inna magani, sai ta ce, ke, leƙa ƙarƙashin gado can ƙurya ki jawo mini tulun nan. Ka san shi, ƙaramin tulun da aka shafe bakinsa da yumɓu, wanda tun muna yara aka ce mana irin wake ne kada mu taɓa. Na jawo, ta ce in fasa bakin. Toka ce a sama, irin yadda ake yi wa wake don ƙwari. Na zura hannu ina neman wake, sai na ji takarda.

Fitowa ta biyar ce, Kamaru, guda goma sha tara. Ko gara ba ta taɓa su ba, kusurwoyinsu huɗu cif, tunda na san abin da za ka fara tambaya ke nan.

Ta ce ran da Baba ya kawo buhun ya ce ta riƙa hura wuta da su, haka ta yi, kullum safiya ɗaya, tana kau da kai in wutar ta kama. Tana cikin haka ya kwanta. Da aka share makoki ta je hura wuta, ta ɗauko ɗaya, sai ta ga ita kaɗai ce fuskarsa da ta rage a duniya, don bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ta ce a nan ta saɓa masa, sau ɗaya tak a zamansu, kuma har yau tana neman gafara. Duk shekara in an gama girbi takan fasa tulun ita kaɗai ta duba ta mayar. Bara waccan da bara ta duba ba ta ga komai ba sai baƙi baƙi.

Sai ta ce in gaya mata abin da nake gani. Na zauna ina kwatanta wa uwata mijinta. Na ce ga wushirya, ta ce eh. Na ce ga tabo a gira, ta ce ƙahon sa ne, tun yana yaro. Na kasa ci gaba, ta ce in daina shashanci in karanta mata zane na ƙarshe.

A nan ne na sauko wa gwaninka, kaɗan. Rubutun ya ce rumbun Malam Jiya wayam. Amma ya zana harawa jibge a kan gawo, ya zana jakin nan da ƙiba har wuyansa ya yi ninki. Mutanen ofis ba su lura ba, amma duk manomin da ya kalli jakin ya san gidan nan babu yunwa. Akwai wata 'yar yarinya riƙe da igiyar jakin, ni ce, har da kitson da na tsana. A gefe ga mace tana daka, da goyo a bayanta, kai da ƙafa ɗaya kawai ake gani. Shekara nawa kana neman takardar nan a Kano da Kaduna da Zariya, ashe kana cikinta.

Inna ta ce da Muntaka ya ji abin da ya faru ya zo a kan keke, ya tsaya a ƙofar zaure tun hantsi har azahar, Baba ya ƙi fitowa, sai dai ya ce a kai wa baƙo fura. Muntaka ya bar saƙo cewa kalaman daga ofis aka ba shi, shi kuma ya zana fuskar da ya fi sani ne, bai yi tunani ba, kuma ya yi alkawari ba zai sake zana ta ba. Ga sabon salon naku nan da kuke ta gardama a kai. Kunya ce ta sa Malam Jiya ya ba da baya.

Inna ta ce ka kai takardar wajen taronku in kana so, amma da sharaɗi. A rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa a waccan shekarar dami ɗari da goma sha ɗaya Baba ya ɗaure, ya fitar da zakka, maƙwabta ma sun ci. Kuma a rubuta sunansa na yanka. Ita ba ta faɗa ba, ka san ba za ta faɗa ba, ni na ce Sama'ilu, ta gyaɗa kai.

Daga nan ta ce in tattara duka in ba Basiru ya kawo maka, tunda ita yanzu ba su da amfani a wajenta, kada a wahalar da yaro da tafiya yana da aiki.

To ni na ƙi. Na mayar da su cikin tulu, na zuba toka, na kwaɓa yumɓu na shafe bakin da hannuna, ba safar hannu. Ko hoto ɗaya ba zan ɗauka in turo maka ba, kada ka ɓata kuɗin kiranka. Duk wanda yake son abin da ke cikin tulun nan ya zo ya fasa da kansa.

Na daɗe ina kallon zanen nan, sannan na buɗe hotonka a waya na ajiye a gefensa. Yanzu na gane abin da ya sa take sa ni share ɗakin waje duk ranar kasuwa. Takarda ta daina yi mata aiki, amma idon dama yana gane fuskar mutum in ya matso, daga fitowar rana zuwa hantsi, kuma likita bai ce zai kai kaka mai zuwa ba.

Motar Basiru ta farko tana tashi bayan sallar asuba. Ka hau ta. Zan shimfiɗa maka tabarma a bakin ƙofarta inda rana ke faɗowa. Ka zauna, ka matsa kusa, ka rufe bakinka da maganar takarda, ka bar ta ta kalle ka har ta gaji. Tulu yana nan, ba inda za shi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Aina'u

Kuma kada ka kuskura ka aske gemun nan don za ka zo gida. Haka nasa yake.